Ɗaki Biyu da Falo

Zuwa ga Maman Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Babba da Auta, da Yaya da iyalinsa. Ni ma lafiyata ƙalau, sai kewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. An ɗauke min babbar wayata. Na ajiye ta a bakin taga ina kan tsani ina shafa silin, masu kawo tayil suna ta shige da fice, ko da na sauko sai wurin. Kin sha yi min faɗa in sa mata makulli, ni kuma kullum yatsuna da fenti, wa zai tsaya danne-danne. To ga shi nan. Na sayi ƙarama mai maɓalli, amma na san a gidan Yaya waya na yin ƙara kowa zai baza kunne. Shi ya sa na roƙi direban nan mai ɗaukar siminti ya riƙa kai mana takarda, tunda duk sati sai ya bi ta wajenku.

Maganar gida kuwa, ina nan ina nema ruwa a jallo. Wata goma sha huɗu ke nan da zuwana garin nan, ban san neman haya ya fi neman aiki wuya ba sai yanzu. Kafin a sace wayar na ga wani ɗaki biyu da falo, kuɗinsa rabin na mutane. Na kira, mutumin ya ce mai gidan ya yi tafiya, in tura kuɗi za a aiko min da makulli. Na ce to in ga gidan tukuna. Ya ce ai hoto ma gani ne. Na ce to bari in turo maka hoton kuɗin. Ya kashe.

Na biyun shi ya ci ni, ba zan ɓoye miki ba. Ya ce in tura ɗan kuɗin duba gida, mu haɗu a gaban wani shagon magani bayan azahar. Na tura. Na tsaya a wurin har mai shagon ya fito ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Da na faɗa masa abin da nake jira, ya ce ni ne na huɗu a satin, ya ba ni benci.

Daga ranar na ɗaure wa kaina: ba na ba kowa ko ƙwandala sai na shiga gida da ƙafata, na ga mai shi da idona, na tambayi maƙwabta. Ke ma in wani ya zo miki da irin wannan, ki riƙe haka.

Ki shafa min kan yara. Ki gaida Yaya da kyau.

Naki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Baban Auta, Sarkin Fenti,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, da ɗigon farin fenti a kusurwarta, ko ba ka sa hannu ba na san mai ita. Muna lafiya. Allah ya mayar maka da alherin wayar. Ban ce na faɗa maka ba, amma na faɗa maka.

Na yi dariyar benci har Babba ta tambaye ni ko na samu kuɗi ne. Da dariyar ta wuce kuma sai na ji ba daɗi, na hango ka zaune kai kaɗai a bakin titi.

Yanzu ga abin da ba zan iya faɗa a waya ba. Yaya ya kira ni jiya, ya ce ɗakin da muke ciki zai fasa shi ta waje ya mayar shago, maginin zai fara ƙarshen wata mai zuwa. Bai ɗaga murya ba, har haƙuri ya ba ni. Ban ga laifinsa ba. Wata uku muka ce masa, ga shi mun haura shekara. Matar Yaya kuwa ta fara auna tsakar ɗakin da ido duk sanda ta shigo aron ashana.

Ɗakin ka san shi. Katifa, akwatuna, da firizata da ta cinye rabin wuri. Ƙanƙara tana tafiya, da ita nake sayen sabulu da littattafan Babba ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba. Amma in yara suka yi barcin rana, daga ni sai gurnanin firiza. Gidan cike yake da mutane, kuma ba ni da wanda zan ce wa kaina na ciwo.

Ba fada nake nema ba, Baban Auta. Ɗaki biyu da falo, kicin mai taga don na gaji da girki a duhu, famfo a cikin gida, makaranta inda Babba za ta iya zuwa da ƙafa. Na rubuta maka wannan a waya ya fi sau goma, ga shi na sake a takarda.

Sannan ina da tambaya. Me ya sa duk sanda na kira ka muryarka take amsa-kuwwa kamar kana cikin rijiya? Kuma “lafiya lau, ina kan aiki” ba hira ba ce. Ɗakin naka da ka kama, ba ka taɓa ba ni labarinsa ba.

Yara suna gaishe ka. Ka ci abinci.

Matarka

*

Maman Auta,

Sallama da fatan alheri. Na karanta maganar Yaya. Ki ce masa na gode, kuma in sha Allahu kafin maginin ya zo kun tashi.

Saura ƙiris in rubuto miki albishir wannan satin. Wani dillali ya kai ni gida na gaske, da makulli a hannunsa. Ya buɗe, mun shiga, komai ya yi. Har na fara lissafin inda firizarki za ta zauna. Muna fitowa yana ce min in kawo kafin alƙalami gobe, sai idona ya faɗa kan katangar waje. An yi mata sabon fenti, amma wuri ɗaya kawai, kuma shafa ɗaya. Kin san baƙin rubutu ba ya ɓuya a shafa ɗaya, sai an yi uku. Na matsa gefe inda rana ke dukan bangon, na karanta abin da ke ƙasa: “Wannan gida ba na haya ba ne, a yi hattara.”

Na ce masa, “Malam, wa ya yi maka wannan aikin? Ya cuce ka.” Ya ce bari ya amsa waya. Har yanzu yana amsawa. Matar da ke sayar da gawayi a gefen ta ce magada ne ke rigima a kan gidan, shi kuma tsohon mai gadi ne da bai mayar da makulli ba.

Ranar na koma ban iya cin komai ba. Na yi murna ban faɗa tarkonsa ba, amma wallahi na so a ce ban iya karanta bango ba, ko na kwana ɗaya ne in yi barci da gida a raina.

Maganar murya, layin ne ba kyau. Ki ƙara haƙuri.

Mijinki

*

Baban Auta,

Assalamu alaikum, da fatan ka tashi lafiya. Zauna kafin ka karanta. Abin da ya gagare ka wata da watanni kana yawo da ƙafa, matarka ta samo shi tana zaune kusa da firiza.

Wani dillali ne ya kira ni ranar Juma'a. Ya ce a shagon da kake sayen fenti aka ba shi lambata, tunda kai ba ka da babbar waya da za a tura maka hoto. Mutum mai ladabi, “Hajiya” yake ce min. Ya turo hotuna bakwai da bidiyo. Na je an wanko min guda huɗu, ga su nan a cikin ambulan, ka gani da idonka.

Ɗaki biyu da falo. Kicin da taga, babba ma. Famfo a ciki. Makaranta a bayan layin. Kamar wanda ya shiga zuciyata ya kwafo.

Na san abin da za ka ce, don haka na riga ka. Kuɗin ba rabin na mutane ba ne, daidai yake da na kowa. Bai ce mai gidan ya yi tafiya ba, har ya haɗa ni da shi mun gaisa, dattijo ne. Bai nemi kuɗin duba gida ba. Na ce mijina zai zo ya gani, ya ce ƙofa a buɗe take, ka zo Asabar ɗin sati mai zuwa. Matsala ɗaya ce: akwai wani ma'aikacin banki da zai kawo kuɗi ranar Laraba, wanda ya riga ba da rabi shi ke da gida.

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Dubi hoto na uku, ƙaramin ɗakin. Kore ne mai haske, irin wanda na nuna maka a jikin wani asibiti tun muna sabon aure na ce ina so. Kuma dubi ƙasan bangon: an yi masa fentin mai har zuwa wani layi, yadda in yara suka shafa hannu za a goge da tsumma. Wa yake wannan tunanin a gidan haya? Na ce wa kaina duk wanda ya gyara ɗakin nan yana da 'ya'ya kuma yana son su. Mutumin banza ba zai yi haka ba. Na kalli hoton nan har sai da hawaye ya zo min.

Babba ta riga ta zaɓi gefen taga. Na kira ka ɗazu in faɗa maka, ka ce kana kan tsani za ka kira, ba ka kira ba. Ba komai. Wannan karon ka bar min.

Taka, mai murna,
Maman Auta

*

Maman Auta,

Sallama. Yau Alhamis direba ya ba ni takardarki. Na kira ki sau goma sha ɗaya ba ki ɗauka ba. Don Allah, in ba ki tura komai ba, kada ki tura.

Gidan nan na san shi. Ni na yi masa fenti wata biyu da suka wuce. Na wata malamar asibiti ce, kuma tana ciki yanzu haka da 'ya'yanta da mahaifiyarta. Ba na haya ba ne, bai taɓa zama na haya ba. Ki dubi hoton kicin, can ƙasa ta hagu, za ki ga ƙafar tsani ɗaure da jar waya. Tsanina ne.

Hotunan ni na ɗauka. Duk gidan da na gama nakan ɗauke shi kafin a shigo da kaya, don in nuna wa masu ba da aiki. Suna cikin wayar da aka sace. Lambarki tana ciki, duk saƙonninki suna ciki, kicin mai taga da famfo da makaranta. Ba zuciyarki ya shiga ba, wayata ya buɗe. Ya san duk dabarun damfarar da mutane suka riga suka gane, shi ya sa ya kauce wa duk abin da kika sani. Mai shagon fenti bai taɓa jin labarinsa ba, daga wajensa nake. Dattijon da kuka gaisa da shi kuwa, Allah kaɗai ya san ko waye.

Ƙaramin ɗakin kuma. Malamar ta ce min na yara ne, in yi masa duk kalar da na ga dama. Ban taɓa samun wanda ya ce min haka ba. Na haɗa koren da hannuna, sau uku ina ƙara fari kafin ya zama wanda kika nuna min. Da na zo jan layin ban ɗauko awo ba. Na tsaya jikin bango na tuna inda kan Babba yake kai min in ta rungume ni, daidai ƙuguna, na sa alama a nan. Kwana biyu na yi a ɗakin nan, aikin rabin yini. Ina shafawa ina yi kamar namu ne.

Kin ce wanda ya gyara ɗakin yana da 'ya'ya kuma yana son su. Ba ki yi kuskure ba. Abin da ke ci na ke nan, da hannuna aka yi miki tarko.

Ki ɗauki waya, ko da zagina za ki yi.

Mijinki

*

Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na tura ranar Talata. Laraba da safe lambar ta daina shiga. Tun kafin takardarka ta zo na sani, shi ya sa na kasa ɗaukar wayarka. Ina ganin kiran yana shigowa, ina kallonsa har ya yanke.

Firiza na sayar. Mai shayin bakin layi ya saya, shi da ƙaninsa suka zo suka ɗauke ta. Na haɗa da ɗan abin da nake ɓoyewa a ƙasan akwati. Kuma na riga na je na durƙusa gaban Yaya na ce mun samu gida, na yi masa godiya, matarsa har ta ba ni labule biyu. Maginin ya sauke yashi a ƙofar ɗaki. Har yau ban faɗa musu ba. Ina fita in gaishe su, su ce “masu sabon gida,” in yi murmushi.

Ɗakin ya yi faɗi yanzu, ya kuma yi shiru. Ban san gurnanin nan yana taya ni zama ba sai da ya tafi.

Ba zan zage ka ba. Na so in yi, na zauna da biro na rasa ta inda zan fara. Ni ce na ƙi jira. Na gaji da zama wadda ake ce wa ki ƙara haƙuri, na so ko sau ɗaya a ce ni na kawo mu wuri ɗaya. Sai dai layin da ka ja ya yi ƙasa. Babba ta wuce ƙugunka tun tuni, rigunan da ka sani duk na ba da su.

Akwai kuma abin da na gani. Da na san kai ka ɗauki bidiyon, na sake kallonsa, ba gidan nake kallo ba wannan karon. Na ji takunka yana amsa-kuwwa, irin wadda nake ji in na kira ka. Kuma da ka juya a falo, a bayan ƙofa akwai tabarma a naɗe, da buta, da jaka, da bargo mai ratsin ruwan ƙasa. Da farko na ɗauka na mai gadi ne. Bargon nan ni na cusa maka shi a jaka ranar da za ka tafi.

Kada ka sake ce min layi ne ba kyau. A ina kake kwana?

Matarka

*

Maman Auta,

Sallama. Na gode da kika rubuto. Maganar firiza, ki daina ɗora wa kanki. Wanda ya bar waya a buɗe a bakin taga shi ya fara.

Ba ni da ɗaki. Wata shida ke nan da na saki wanda na kama, don na ga in ina biyansa ba zan taɓa tara na gidanmu ba. Duk gidan da nake wa fenti nan nake shimfiɗa tabarma, masu shi ma daɗi suke ji sun samu mai gadi kyauta. In na gama, a ba ni kuɗina, in naɗe in koma na gaba. Na kwana a gidaje goma sha ɗaya, kowanne ya fi ƙarfina, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya da kujera a ciki ba. Ranar da masu shi za su shigo ita ce ranar da nake fita. In kin kira nakan yi sauri in kashe don kada ki ji yadda wurin yake fayau. Kunya ce, ba wani abu ba.

Abin da na tara bai kai ɗaki biyu da falo ba. Ya kai ɗaki ɗaya. Na samu wani a bayan wani garejin gyaran mota. Mai shi tsohuwa ce, tana zaune a gidan shekara talatin, maƙwabta uku sun shaida min. Na shiga da ƙafata. Famfo a tsakar gida yake, girki a baranda, bangon ya yi baƙi da hayaƙi, ana jin bugun ƙarfe har la'asar. Makaranta da ɗan nisa. Ba ni da hoton da zan turo, kuma ko ina da shi ba zai burge ki ba.

Ban biya ba tukuna. In kin fi so ku koma wajen Inna na wata shida in ƙara tarawa, ba zan ga laifinki ba. Ni dai na kasa yanke wannan ni kaɗai.

Mijinki

*

Baban Auta,

Wa alaikumus salam. Ka biya tsohuwar.

Na faɗa wa Yaya gaskiya da safen nan, ya ce shi zai biya mana kuɗin mota. Muna tafe Asabar a motar farko, da akwati uku da katifa. Ka zo tasha da wuri, ka zo da kayan aikinka a jiki ma ba komai.

Abu ɗaya nake roƙo. Babba za ta rugo da gudu, wannan ba shakka. Auta kuwa ba zai gane ka ba. Zai ɓuya a bayana, wataƙila ya yi kuka. Kada ka ɗauke shi, kada kuma ranka ya ɓaci. Ka durƙusa kawai ka jira, zai zo da kansa.

Sai mun iso.

Matarka